Jarkar Tsumin Hajiya Kulu

Saura kwana goma sha ɗaya a ɗaura auren 'yata jarkar nan ta shigo gidana, kuma ni da hannuna na sauke ta daga bayan mashin, har ina cewa sannu da ɗawainiya. Ku riƙe wannan tukuna. Idan kun zo yanke mini hukunci, kada ku ce na rage muku wani abu.

Sunana Audi, baduku ne ni, a zauren gidanmu da ke cikin tsohon garin Daura nake aikina. 'Yar tawa Mardiyya shekararta ashirin da uku. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake kiran ta Uwata. Tana da shekara goma sha shida aka gano tana da ciwon sukari, irin wanda sai da allura kullum.

Tun daga lokacin gidanmu ya koma tafiya a kan agogonta. Da ta idar da sallar asuba za ta huda gefen yatsa, ta ɗiga jini a tsinken na'ura, ta ga lamba. Idan ta ce mini "ɗari da goma" ko "ɗari da ashirin", to ranar ina yin aiki da waƙa a bakina. Sai allura, yau ciki, gobe cinya, ba ta maimaita wuri ɗaya. Maganin allurar ba ya son zafi, wuta kuwa kun san halinta, don haka muka samu ɗan ƙaramin tulu, muka binne rabinsa cikin baho mai jiƙaƙƙen yashi a kusurwar ɗakinta, a ciki kwalbar take kwana. Abincinta ba ya wuce lokaci. Tuwon dawa malmala ɗaya, miya mai ganye da yawa, kwaɗon zogale babu sukari, fura rabin kofi ita ma lami. Islamiyyar da take koyarwa da ƙafa take zuwa, da ƙafa take dawowa, ko an ce a kai ta a mashin ba ta yarda. A jakarta kullum akwai dabino uku, don ranar da sukarin ya faɗi jiki ya ɗauki rawa. Kafin ta kwanta kuma sai ta wanke ƙafa, ta tsane tsakanin yatsu, ta sa madubi ta duba tafin, domin likita ya ce ƙaramin ciwo a ƙafar mai sukari ba abin rainawa ba ne.

Wannan na ƙarshen shi ne rabona a cikin aikin. Shekara bakwai Uwata ba ta sa takalmin kasuwa ba. Ni nake ɗinka mata, rufaffe, da fatar akuya mai laushi, ɗinkin duk ta waje don kada wani zare ya goge ta. Kowace safiya kafin ta saka sai na zura hannu ciki na laluba ko tsakuwa ta shiga.

To me ya kai uba irin wannan ga abin da zan faɗa muku? Tsoro ne.

Shekara biyu da suka wuce wani yaro daga Zango ya nemi aurenta, har an sa rana. Na kira waliyyinsa gefe na faɗa masa gaskiya. Mako bai zagayo ba suka aiko wai an yi istihara ba ta yi kyau ba. Wata guda Uwata ba ta leƙa ƙofar gida ba, lambar na'urar nan kuwa ta riƙa hawa da sauka kamar mai zazzaɓi. Shi ya sa da Muhsin ya fito, na tara ta da mahaifiyarta Haulatu na ce ban yarda kowa ya buɗe baki ba sai an shafa fatiha. Haulatu ta yi ta nuna mini cewa wanda zai zauna da ita shi ya fi kowa cancantar ya sani. Na ce ai zai sani, bayan ɗaurin aure. Mardiyya ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta.

Muhsin yaron kirki ne, a Mai'adua yake sayar da kayan gyaran mashin. Takalmi ya kawo mini gyara ya gan ta ta kawo mini abinci, daga nan takalmansa suka fara lalacewa kowane mako. In ya zo zance ba ya zuwa hannu sake, lemon kwalba ne, cincin ne, alewar madara ce. Ta karɓa ta yi godiya, ta shiga da su ciki a rabar. Har tsokanarta yake wai tana tsoron ƙiba kada lefe ya ƙi shiga.

Ranar Talata da hantsi gwaggonsa ta iso daga Kongolam. Hajiya Kulu ke nan, doguwa, kakkaura, ta sha atamfa mai ruwan ganye da mayafi ruwan ƙwai, awarwaro har gwiwar hannu, in ta yi dariya haƙorin Makka ya haska. Tun daga zaure ƙanshin turarenta ya danne warin fatuna. Bayan an gaisa ta ce a danginsu shekara ashirin ke nan babu amaryar da ta shiga gidan ɗansu ba ta bi ta hannunta ba. Mako guda za ta yi, a ɗakin amarya za ta kwana, ita za ta yi mata dilka da ƙunshi da komai. Jarkar kuwa tsumi ne, kwana biyu ta yi tana dafa shi: rake, dabino, mazarƙwaila, zuma, kanumfari da citta. Kofi uku a rana.

Ina daga bakin ƙofa ina jin komai. Haulatu ta ɗago ta kalle ni, na kawar da kai. Gyaran amarya sha'anin mata ne, uba ko sunan abin bai kamata a ji a bakinsa ba. Da wannan na lulluɓe kaina. Kafin Hajiya ta gama alwala na lallaɓa na ɗauke bahon yashi da tulun, na kai zaure na tura bayan tarin fatu. Na ce wa Uwata duk lokacin allura ta ɗauko kwanon abincina ta zo da shi.

Ranar farko ta yi dabara. In an ba ta kofi sai ta ce za ta sha a ɗaki, ta zagaya ta tuttular a makwarara. Washegari da safe kiyashi ya tona mana asiri, ya yi baƙi ƙirin tun daga bakin makwararar har jikin bango. Hajiya Kulu ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

Na shigo ɗaukar buta ke nan na same su a tsakar gida. Ta zaunar da Mardiyya a kan tabarma, ta cika kofin silba har baki, abin yana da kauri kamar kunu.

"Ke 'yar nan, kwana biyu na yi a bakin murhu don kiyashin Daura su yi ƙiba? Ko kin raina hannuna ne?"

"A'a Gwaggo, wallahi ba haka ba ne. Zaƙin ne ya yi mini yawa."

"Zaƙi ya yi wa amarya yawa. Haulatu, kin ji 'yarki. Karɓi nan, a gabana za ki shanye."

Mardiyya ta karɓi kofin da hannu biyu. Ba ta kalli uwarta ba, ni ta kalla. Ido kawai ta zuba mini, irin kallon da take yi mini tana ƙarama in za a yi mata allura. Kalma ɗaya ta ishe ni a wurin. Masu karatu, sai na sunkuya na ɗauki butata na fita. Ina cikin soro na ji Hajiya tana cewa yawwa, ko ke fa.

Daga nan ban sake samun natsuwa ba. In na ɗauki basilla sai na soke yatsana. In na ji ƙarar kofin silba daga cikin gida sai na ajiye aiki na kasa kunne. Na riƙa yi wa kaina lissafin kwanaki, saura tara, saura takwas, ai mako ɗaya ne, ai yarinya ce mai ƙarfi. Ita kuwa sai shan ruwa kamar wadda ta dawo daga gona, sai zaryar bayi, leɓenta ya bushe, in ta zauna sai gyangyaɗi. Hajiya Kulu ta ce alamar tsumi ya karɓe ta ke nan. Ta hana ta zuwa islamiyya, wai amarya ba ta shiga rana, tafiyar ƙafar ma ta tsaya. Ranar Alhamis da ta kawo mini abincin rana ta gwada a gabana, na'ura ta nuna ɗari uku da tamanin. Na ga ta ja maganin allura ya wuce inda ta saba.

Na ce, "Uwata, likita bai hana ki ƙarawa da ka ba?"

Ta ce, "Ya hana, Baba. Ya kuma hana ni shan rake."

Ta rufe tulun, ta ɗauki kwano ta koma ciki. Na zauna da tuwo a gabana har ya huce.

Ranar Juma'a da safe ta ajiye takalminta a bakin zaure kamar kullum. Na zura hannu na laluba, sai na ji danshi a wajen dunduniya. Na fito da shi haske. Jini ne, ya ɓata farar shimfiɗar da na yi masa, faɗinsa kamar kwabo.

Ashe jiya da la'asar Hajiya ta jiƙa mata ƙafa a ruwan zafi, ta sa dutse ta goge kaushi don ƙunshi ya kama da kyau, inda dutse bai ci ba ta bi da reza. Na ce wa Uwata ta zauna ta miƙo ƙafar. Yankan bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba, amma gefensa ya yi ja, ya ɗan tasa. Shekara bakwai ina juya ɗinki waje saboda wannan dunduniyar. Ta janye ƙafarta.

Ta ciro wayarta daga cikin hijabi ta miƙo mini. Saƙonnin Muhsin ne a sama. Na jiya yana cewa: "Amaryata, Gwaggo ta ce kin fara haske. Ki daure ki shanye mata, kin san ta da mita." Ta amsa masa da "To." A ƙasa kuma, cikin wurin rubutu, akwai wani dogon saƙo da ba a tura ba. Na karanta a hankali don idona ba ya son ƙananan baƙaƙe. Ya fara da cewa: "Muhsin, akwai abin da ya kamata ka sani tun ranar farko. Ina da ciwon sukari, ina yin allura kullum. Ba na kwance, ba na neman a ji tausayina, amma haka zan zauna har ƙarshen rayuwata."

"Wata uku ke nan da na rubuta shi," in ji ta. "Kullum sai na buɗe na karanta na rufe, saboda ka ce kada na faɗa. Baba, ban taɓa saɓa maka ba. Yanzu Gwaggo tana can tana ɗumama na safe. Ka ce in tura, ko ka ce in je in sha. Duk wanda ka ce shi zan yi."

Ba kuka take yi ba. Da ma kuka ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Na ce kada ta tura. Na ga fuskarta ta faɗi. Na ce ba ita ta ɓoye ba, don haka ba ita za ta faɗa ba.

Na janye fatun, na rungumi bahon yashi da tulun a ƙirjina, na shiga da shi tsakar gida na dire a gaban Hajiya Kulu, dab da jarkarta. Haulatu ta saki muciya ta miƙe. Na buɗe tulun na ciro kwalbar da sirinji na ajiye a kan tabarma. Na faɗa mata komai, tun daga shekara bakwai har zuwa jinin da ke cikin takalmi. Na ce yarinya ba ta da laifi, uwarta ba ta da laifi, ni na ɗaure musu baki.

Hajiya ta daɗe tana kallon kwalbar. Kofin silba yana hannunta, tururi yana tashi.

"Malam Audi, kofi nawa na ba yarinyar nan?"

Na ce ban ƙirga ba.

"Ni na ƙirga. Shida. Da hannuna, ina yi mata faɗa." Ta ajiye kofin a ƙasa a hankali. "Mijina da wannan ciwon ya rasu. Sai da aka yanke masa ƙafa. Kai kuma ka tsaya da buta a hannu kana kallo ina sa wa 'yarka reza."

Ta tashi ta shiga ɗaki, muka ji tana haɗa kayanta. Haulatu ta bi ta tana ba ta haƙuri, Hajiya ta ce ita ba fushi take da kowa ba, amma ba za ta iya zama ba, kuma ba za ta ɓoye wa ɗan'uwanta, mahaifin Muhsin, abin da ta gani ba. Ta fito da jakarta, ta tsaya a kan Mardiyya, ta dafa kanta, ta ce a kai ta asibiti yanzu, ba anjima ba. Jarkar ko kallon ta ba ta yi ba.

A asibiti aka wanke ciwon aka rufe, aka ba ta magani, likita ya gyara mata yawan allurar, ya ce ta riƙa gwadawa sau huɗu a rana, ta sha ruwa sosai, a dawo da ita jibi a ga ƙafar. Ya tambayi abin da ta ci. Da Haulatu ta faɗa masa, sai ya cire tabarau ya dube ni.

Ana sakkowa daga Juma'a na hau motar Mai'adua. Ina so in riga Hajiya, ko in ban riga ta ba, yaron ya ji daga bakina. Duk tsawon hanya ina haɗa magana tana warwarewa. Na same shi a shago yana jera tayoyi, da shadda ruwan toka da hula zanna, yana gani na ya durƙusa har ƙasa, ya kawo kujera, ya aika a kawo lemo. Na ce ya bar lemon. Gwaggonsa ba ta kira shi ba tukuna.

Na faɗa masa. Ban yi kwana-kwana ba. Yana durƙushe yana sauraro, yana juya wani ƙaramin kusa a hannunsa. Na zaci zai tambayi ko za ta haihu, don amsar likita tana bakina a shirye. Bai tambaya ba.

"Baba, duk lemon da nake kai mata fa?"

Na ce ba ta taɓa sha ba.

"Jiya na ce ta daure ta shanye." Ya ɗago, karo na farko tun da na san shi ya kalli tsakiyar idona. "Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Da ta mutu a makon nan, da ni da Gwaggo muka kashe ta, ba mu sani ba. Me na yi da ka ɗauke ni mutumin da ba za a faɗa wa gaskiya ba?"

Na ce ba shi ya yi ba, yaron Zango ne ya yi, shi kuma na sa shi ya biya. Ya ce shi ba zai iya cewa komai ba yanzu, magana ta koma wurin mahaifinsa, kuma ya san Gwaggo Kulu in ta tuna da mijinta ba ta jin kira. Ya raka ni har tasha, amma bai ce a gaida gida ba.

Na iso Daura ana shirin kiran magariba. Mardiyya tana tsakar gida, ta ɗora ƙafar a kan matashi, Haulatu tana gyara mata zogale. Jarkar tana nan inda aka bar ta, kiyashi ya zagaye gindinta. Na ɗauke ta na fita da ita, na tuttular a kwata har sai da ta daina ɗiga. Na dawo na zauna a bakin tabarma na faɗa musu yadda muka yi, ban ƙara ba ban rage ba. Uwata ta ce, "Na gode, Baba." Wai ni take yi wa godiya.

Wayata ta yi ƙara. Mahaifin Muhsin ne. Gaisuwarsa gajera ce. Ya ce gobe da hantsi za su zo shi da ƙannensa biyu, akwai magana. Na ce Allah ya kawo su lafiya. Haka waɗancan na Zango suka fara, da cewa akwai magana.

Muna zaune sai tata wayar ta yi haske a kan cinyarta. Ta duba, ta daɗe tana dubawa, sannan ta miƙo mini. Muhsin ne. Babu "amaryata", babu gaisuwa. Layi ɗaya ne:

"Nawa ya nuna yanzu?"

Ta jawo jakarta, ta goge yatsa, ta huda, ta ɗiga. Mu uku muka sunkuya a kan na'urar muna jira. Ɗari biyu da goma. Ta rubuta masa. Kafin ta ajiye wayar wani saƙon ya shigo:

"Nawa ya kamata ya nuna? Ki koya mini."

Ban san da me mahaifinsa zai zo gobe ba, kuma ba ni da bakin da zan roƙi komai. Amma takalmin bikin da na yanka mata tun watan jiya yana nan a zaure, farar fata, ƙafa ɗaya ɗinkakkiya, ɗaya ban taɓa ba. Na mayar da tulun kusurwar ɗakinta, na yayyafa wa yashin ruwa, na yi salla. Sannan na koma zaure na zura zare a basilla, na ɗauki ƙafa ta biyun, na ƙara mata laushi a wajen dunduniya.